Kafaɗar da ta saba gocewa: abin da soja zai yi tun karon farko

Gashin ƙashi nake yi a nan Zariya, kuma garin da ke da Depo, inda ake horar da sababbin sojoji, da barikin Basawa ba ya rasa samarin da kafaɗa ta goce musu. Wani wurin tsallake katanga, wani wurin hawan igiya, wani kuwa a ƙwallon yamma ya faɗi a kan hannu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai shigowa da murmushi yana cewa, "Oga, tawa ba matsala, da kaina nake mayar da ita." Kafaɗa lafiyayya ba ta komawa da sauƙi haka.

Kan ƙashin damtse ya fi gurbinsa girma nesa ba kusa ba, kamar ka ɗora lemo a kan murfin kwalba. Abin da ke riƙe shi wani zoben guringuntsi ne a bakin gurbin, da jijiyoyi, da tsokokin da suka kewaye wurin. Ranar da kafaɗa ta fara gocewa, galibi ta gaba, zoben nan yakan yage. Ƙashi ya koma, ciwo ya lafa, amma yagewar tana nan. Duk fitar da za ta ƙara yi sai ta ɗan ci bakin gurbin, har ta kai mutum yana miƙa a kan gado ta zame. Ƙuruciya ma ba ta taimako: ɗan shekara 20 ya fi ɗan 40 haɗarin maimaitawa. A wani bincike na 1994 kan ɗaliban makarantar sojan Amurka ta West Point da kafaɗa ta goce musu karon farko, kashi 80 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa tiyata ba sun sake gocewa, waɗanda aka yi wa kuwa kashi 14 ne.

To, in ta fita a fili, kada ka bari abokai su taru, wannan ya taka hammata, wancan ya fizgi hannu. Ba ka sani ba ko da karaya a ciki, ga kuma jijiyar da ta ratsa ƙarƙashin gaɓar. Tallafe gwiwar hannun a yadda ya fi maka sauƙi, a rataye shi a wuya ko da rawani ne, a sa ƙanƙara cikin tsumma, a wuce asibitin bariki. Kada ka ci abinci a hanya, don ana iya ba ka maganin barci kafin a mayar. Shafa gefen damtsenka, wajen da ake liƙa bajen hannun riga. In wurin ya mutu, ko yatsu sun yi sanyi, faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. A ɗauki hoto kafin a mayar, a sake ɗauka bayan an mayar.

Masu ɗori ina ganin girmansu, amma ɗauri da kara ba ya ɗinke guringuntsin da ya yage a can ciki.

Ratayar hannu mako ɗaya zuwa uku ce, yadda likita ya ce. Daga nan sai aikin da yawancinku kuke rainawa saboda ba ya sa gumi. Tsaya gefen bango, naɗe tawul ka matse shi tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari, ka danna bayan hannunka a bango ba tare da hannun ya motsa ba, ka ƙirga goma, ka saki. Juya ka danna da tafin hannu. In wannan ya daina ciwo, nemi tsohuwar robar tayar keke wurin mai faci, ɗaure ta a mariƙin ƙofa, ka riƙa janta waje a hankali, gwiwar hannu na manne da jiki. Ka kuma riƙa matse allunan kafaɗa biyu ta baya kamar za su haɗu. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi ka tara na mako guda ka yi ran Asabar.

Akwai tsayuwa guda da za ka guje wa a watannin farko: hannu a sama, an karkatar da shi baya, yadda mai jifa yake yi. Barci da hannu ƙarƙashin kai, miƙa hannu kujerar bayan mota, lilo a jikin ƙarfe, duk ita ce. Wurin sa kaki fara zura hannun mai ciwo.

In ta fita karo na biyu, ko kana jin za ta fita duk sanda ka ɗaga hannu, nemi a tura ka wurin likitan ƙashi, ko asibitin koyarwa na Shika a nan Zariya, ko asibitin soja na 44 a Kaduna, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Wanda yagewa ce kawai gare shi, ɗinki ake masa. Wanda gurbinsa ya cinye sai an yanko ɗan ƙashi daga gaban allon kafaɗa an dasa a wurin, aikin da likitan Faransa Latarjet ya bayyana a 1954. Bayan tiyata ka ƙaddara wata huɗu zuwa shida kafin atisaye mai nauyi. Karɓi takardar sassaucin aiki daga likita ka miƙa wa na gaba da kai, kada tsoron a ce maka rago ya sa ka ɓoye ta a aljihu ka rufe ciwon da tiramol.