Yadda Nas Daga Najeriya Za Ta Nemi Aiki A Ingila Ba Tare Da Ejan Ya Cinye Mata Kuɗi Ba

'Yar uwa nas ko ungozoma (maza ma har da ku), abin da ya kamata ki fara sani shi ne Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, Nijar da Ghana ma suna ciki. Saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana kamfanonin ɗaukar aiki su zo nan suna farautar ma'aikata. Amma ke da kanki kina da damar ki nemi aikin kai tsaye. To duk ejan ɗin da ya ce miki shi wakilin NHS ne (hukumar asibitocin gwamnatin Birtaniya), ki kawo miliyan kaza ya samo miki gurbi, wallahi ki riƙe kuɗinki, takardar ɗaukar nauyi da ake neman biza da ita ba sayar da ita ake yi ba, asibitin da ya ɗauke ki shi ke bayarwa.

Ki fara da Turanci, don nan ne mutane suka fi daɗewa. Hukumar NMC, mai yi wa nas da ungozoma rajista a Birtaniya, tana karɓar jarrabawar Turanci ta IELTS ko ta OET. A IELTS ana son 7 a karatu da sauraro da magana, rubutu kuma 6.5. A OET kuwa B a ukun, rubutu C+. Ni dai OET nake ba nas shawara duk da ta fi tsada, saboda abin da kike yi kullum a asibiti shi ake tambaya, a ba ki bayanan majinyaci a ce ki rubuta wasiƙar tura shi wani sashen, ko a sa ki yi wa mai ciwon suga bayanin allurarsa. Kar ki ce ai da Turanci na yi karatu, rubutun nan yana kayar da ƙwararru, ki samu wata biyu ko uku kina gwadawa da agogo a gabanki. Sakamakon kuma shekara 2 kawai yake aiki, don haka kar ki rubuta ki ajiye.

Sai ki buɗe rajista a shafin NMC, su kuma za su nemi hukumarmu ta nas da ungozoma ta Najeriya, NMCN, ta tabbatar da lasisinki. Wannan matakin sai haƙuri. A 2024 hukumar ta fito da sharaɗin sai mutum ya yi shekara 2 yana aiki kafin a tantance shi, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, don haka ki leƙa shafinsu ki ga ƙa'idar da ake kai kafin ki biya komai, kuma lasisinki ya zama bai ƙare ba.

Jarrabawar CBT, wato kashi na farko na gwajin ƙwarewa na NMC, a nan gida ake yinta a kwamfuta, ɓangare ɗaya lissafin magani ne, ɗayan kuma aikin jinya. Kar ki kuskura wani ya zauna miki. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiya a Ibadan, aka soke sakamakon duk wanda ya rubuta a wurin, masu gaskiya ma sai da suka sake.

Da kin haɗa waɗannan sai ki shiga shafin neman aiki na NHS Jobs ki riƙa cike gurbin Band 5, wato matakin da nas mai rajista take farawa. Wajen da ake cewa ki yi bayanin kanki kar ki kwafo na wata, ki faɗi sashen da kika yi aiki, gado nawa kike kula da su a dare ɗaya, me kika yi ranar da mai jego ta fara zubar da jini likita bai iso ba. Intabiyu yawanci ta bidiyo ce, ki tanadi data da caji.

In sun ɗauke ki sai gwajin tarin TB a asibitin da suka amince da shi a Abuja ko Legas, sannan bizar ma'aikatan lafiya. OSCE kuma, wato kashi na biyu na gwajin NMC, sai kin sauka can, tasha 10 ce ta aiki a aikace, kuma asibitoci da yawa suna horar da ke su biya kuɗin. Amma ki karanta kwantiragin da kyau kafin sa hannu, musamman inda aka rubuta nawa za ki mayar musu in kika bar aikin kafin wa'adi.