Yadda ake haɗa fitilar da ke walƙiya da hasken sararin samaniya

Ƙwayoyin da ake kira muwon suna samuwa ne kimanin kilomita 15 a sama, inda haskoki daga sararin samaniya ke karo da iska. Suna ratsa kwano da rufin soro ba tare da mun ji ba. Aikinmu shi ne mu sa fitila ta haska duk lokacin da ɗaya ta wuce.

Ka tanadi bututun Gaiga biyu samfurin SBM-20 (bututu ne da ke ba da sigina duk lokacin da ƙwaya irin wannan ta ratsa shi), allon da ke ba su bolt 400, Arduino Nano ('yar ƙaramar kwamfutar da za ta sarrafa fitilun), zaren fitilu WS2812B mai ƙwai 60, da wutar bolt 5 mai amfiya 4.

Me ya sa bututu biyu? Bututu ɗaya yakan ƙirga bugu 20 zuwa 30 a minti, galibi daga haskokin da ke fitowa daga ƙasa da bangon ɗaki. Ka ɗora ɗaya a kan ɗaya, ka kai siginarsu ƙafafun Arduino masu lamba D2 da D3, ka umarci Arduino kada ya kunna komai sai sun buga tare cikin mikrosakan 100, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa. Abin da ya ratsa biyun a lokaci guda, mafi yawa muwon ne, kuma 'yan kaɗan za ka gani a minti. Kada ka yi walda a jikin bututun, zafi na lalata shi. Maƙale shi da abin riƙe fis. Bolt 400 kuwa, kashe wuta ka ɗan jira kafin ka taɓa.

Zaren fitilun yana son rezisto (mai rage ƙarfin wuta) na om 330 a layin data da kafasito (mai tara wuta) 1000µF a bakin wuta. In fitilar ta riƙa haskawa babu ƙaƙƙautawa, hayaniyar wutarta ce ke shiga bututun. Raba musu wuta, ka haɗa layinsu na ƙasa (GND) kawai. Don gwaji, nisanta bututun biyu gefe da gefe. In walƙiyar ba ta ragu sosai ba, ƙarya na'urar take yi.

A Katsina, ƙurar hunturu da laimar damina duk suna sa babbar wuta ta zurare, don haka ka rufe allon cikin robar da ba ta shan iska, ka ɗora shi a batirin sola saboda ɗauke wuta.

Wajen ado, ƙwarya mai huji-huji da aka kifa a kan fitilun ta fi gilashi kyau a zaure mai duhu. Sa hasken ya tashi nan take, ya dushe cikin daƙiƙa biyu.