Yadda za a riƙe nas mai kula da ɗakin majinyata kada ta ajiye aiki

Nas ɗin da ke tsara aikin ɗakin majinyata, wadda a asibiti ake kira incaji, ba kasafai albashi kaɗai ke korarta zuwa Saudiyya ko Ingila ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne a ɗora mata alhakin komai, a kuma hana ta iko da komai.

A fara da jadawalin aiki. Kada a lissafa ta cikin masu ba da magani da yin allura a dutin safe. In aka haɗa mata gadaje goma da tsara aikin ɗaki, ɗaya zai lalace, kuma yawanci miƙa aiki tsakanin duti ne ke shan kashi: a manta majinyacin da ke jiran ƙarin jini, gobe a tuhume ta. A fitar da jadawali mako biyu kafin wata ya kama. Wadda ta yi dare uku a jere ta samu kwana biyu cikakku a gida, ba a bugo mata waya.

A Sakkwato lokuta biyu ne ke karya ma'aikata. Zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, don haka fanka mai sola, ruwan sha mai sanyi da ɗakin hutawa mai kulle ba alfarma ba ne. Daga Agusta zuwa Oktoba kuwa zazzaɓin cizon sauro kan cika ɗakin yara maƙil. Tun watan Yuni ya kamata a tanadi ƙarin hannu, a daidaita hutun shekara, kada a soke shi ranar da ya kama.

A ba ta makullin ƙaramin sito: safar hannu, sirinji, auduga, ledar ƙarin ruwa na aƙalla kwana bakwai. Idan kaya suka yanke, ita 'yan uwan majinyaci ke yi wa tsawa, alhali ba ita ke sayo su ba. A sa mai gadi a ƙofa, a tsayar da ɗan uwa mai jinya ɗaya ga kowane gado.

Alawus na dutin dare da na haɗari a biya kan kari. A sake ta ta halarci kwas ɗin sabunta lasisi ba tare da an cire daga hutunta ba.

Alamar tafiya ba ta ɓuya. In ta daina kawo ƙorafi a taro, ta fara neman takardar shaidar aiki, shugabar ma'aikatan jinya ta zauna da ita cikin makon nan, ta tambaye ta abu ɗaya da za a gyara kafin ƙarshen wata, a rubuta shi da ranar da za a cika.