Yadda na gyara gindin tsohon akwatin wasan bidiyo

Akwatin irin na jefa kwabo ne, ƙirar shekarun 1980, kuma da matsattsen garin katako aka yi gefunansa. Wannan katako ba ya shiri da danshi ko kaɗan: gindin ya sha ruwa ya kumbura, kana taɓawa yana marmashewa. Ban ɓata lokaci wajen shafe-shafe ba. Na sa zarto na yanke ruɓaɓɓen har inda ya yi tauri, na yanko filawud mai kauri ɗaya da katakon akwatin, na haɗa da gam, na tokare ta ciki da sukurori. Gaɓar kuwa filar gyaran jikin mota na cike ta da ita, don ba ta tsukewa in ta bushe. Sai samfefa, a hankali, kada ta ci zanen asali na jikin akwatin. Daga ƙarshe na sa masa ƙafafu, ya daina taɓa ƙasa.