Babi na 5: Idan Yaro Ya Buɗe Baki

Darasi na 1: Wane ne mai yi?

Ku ajiye biro tukuna. Maganar wannan babi ita ce lalata da ƙananan yara. Na san da nauyi a baki, amma duk wanda ke ajin nan uwa ce, ko uba, ko kaka, ko mai riƙon ɗan wani. Kada kunya ta hana ku tambaya.

Duk ajin da na tambaya wa ke lalata yara, sai a ce baƙo, ko ɗan iskan gari. Galibi ba haka ba ne. Wanda yaron ya sani ne, ku ma kun san shi: maƙwabci, mai shagon bakin layi, ɗan uwan da ke kwana a zaure, wani lokaci har mai koyarwa. Ba da ƙarfi yake farawa ba. Da alewa yake farawa, da naira hamsin, da "shigo ciki in saye tallar duka". Daga nan sai "kada ki gaya wa Mama". Yara maza ma ana yi musu, su kuwa sun fi daɗewa ba su faɗa ba.

Ku dubi wannan kalma: AL'AURA. Ɗan ƙugiyan da ke bayan L ba datti ba ne, a rubuta shi. Al'aura ita ce inda wando da riga suke rufewa. Ku gaya wa yaro tun yana shekara 3 ko 4: ba mai taɓa nan, ba mai kallon nan, kai ma ba ka taɓa na kowa. In likita zai duba, Mama tana tsaye.

Darasi na 2: Jimloli uku

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe.

Ke ce uwa. Kina tuƙa tuwo, 'yarki ta raɓo jikinki ta ce, "Umma, Kawu ya taɓa ni a nan." Me za ki fara cewa? Ga shi, ku karanta da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma:

Na ji, kuma na yarda da ke.
Ba laifinki ba ne.
Kin kyauta da kika gaya mini.

Ku sake karantawa. A hankali. In namiji ne, a ce "da kai", "laifinka", "ka kyauta da ka gaya mini". Wadda ba ta iya haɗa baƙin ba tukuna, ta bi bakin ta kusa da ita. Ba komai, haddar ma ta isa.

Yanzu ku zauna biyu-biyu. Ɗaya uwa, ɗaya 'ya. 'Ya ta faɗa, uwa ta amsa da jimlolin nan uku, sannan ta yi shiru. Shirun ma yana cikin darasi.

Me ya sa nake nanatawa? Domin na ga abin da ke faruwa. Wata dattijuwa a ajin da ya wuce ta jero ukun nan tsaf, har muka tafa mata, sai ta ɗora da "To amma uban wa ya aike ki ɗakinsa?" Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta rufe fuska da mayafi. Ban ga laifinta ba, haka aka tashe mu. Sai dai yarinyar da ta ji wannan tambaya ta gama magana ke nan. Za ta ce wasa take yi, kuma ba za ta ƙara faɗa ba, ko da abin ya ci gaba shekara biyu.

Don haka a wannan lokaci babu "me ya kai ki", babu salati da kururuwa har maƙwabta su leƙo ta katanga, babu muciya a hannu. Ajiye muciyar. Zauna ƙasa daidai tsayinta. Na ji, kuma na yarda da ke.

Iyaye maza, ku ma da ku nake. Kada ka zari sanda ka yi waje ka bar yaron yana rawar jiki. Zai ɗauka shi ya jawo fitina a gida. Ka fara da jimla ta biyu: ba laifinka ba ne.

Ku rubuta ukun sau biyar a littafinku. Na ce sau biyar. Makon jiya rabin aji suka zo da layi ɗaya, wasu suka ce ɗan akuya ya cinye takardar. Haba jama'a! Kuna haddace bashin adashi na mutum goma sha biyu, jimla uku ce za ta gagare ku? A sake.

Darasi na 3: Awa 72

Ku rubuta 7, ku rubuta 2 a gefensa: 72. Awa 72 kwana 3 ke nan. Maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan fyaɗe, cikin wannan lokaci ake fara shi, kuma gara yau da gobe. Ana shan sa kwana 28.

Kada a yi wa yaron wanka, kada a yi masa gashi da ruwan zafi, kada a wanke kayan da ke jikinsa. A naɗe su a takarda mai tsabta, ba a leda ba, a tafi da su. A nan Zariya akwai Cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, domin irin wannan aka buɗe ta. Wanda ya fi kusa da Samaru, ga asibitin koyarwa na Shika. Ko kwana ukun sun wuce, a je.

A hanya, in ta yi kuka, kun san abin faɗa. Waye zai tuna mana jimla ta uku?

Darasi na 4: "A rufa asiri"

Dangi za su zo da maganar sulhu, a ce wa zai aure ta in aka ji. Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe gidan wani zai shiga. A 2020 Jihar Kaduna ta gyara dokarta: wanda kotu ta kama da laifin yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa. Hukunci aikin kotu ne, ba na matasan unguwa ba. A kai ƙara wurin 'yan sanda, a riƙe takardar asibiti.

Darasi na 5: Talla da aike

Kada a aiki yaro shi kaɗai bayan magariba. Mai talla ta tsaya a ƙofa, ba ta shiga ɗaki ko kango. In kun ga kuɗi ko waya a hannunta, ku tambaya cikin lumana.

Darasi na 6: Bita

A karanta Darasi na 2. A zo da littafi ranar Asabar.