Kurakuran masu fassara tsofaffin fina-finan matasan Amurka

Daga 1955 zuwa farkon shekarun 1960, ƙananan kamfanonin Amurka irin su American International Pictures sun yi ta fitar da fina-finai masu arha, marasa kala. Labarin kusan ɗaya ne: yaro ɗan zaman kashe wando, wani dillalin mawaƙa ya ji muryarsa, dare ɗaya ya yi suna, tsofaffin abokansa kuma su hana shi sakat. Cikin mako ɗaya ko biyu ake ɗaukar fim, da wuya ya wuce minti 80, a haɗa biyu a tikiti ɗaya. Mai son fassara su ko ɗora su a YouTube yakan lalata aikin tun kafin ya buɗe baki.

Babbar ɓarnar tana wajen gudun hoto. An ɗauki fim ɗin da hoto 24 a daƙiƙa. Kwafin da ya biyo ta talabijin ɗin Turai yana gudu da 25, wato ya ƙara sauri da kashi 4 cikin ɗari: fim mai minti 75 ya koma 72, muryar mawaƙin ta tashi ta zama siririya. A fim ɗin da waƙa ce jarinsa, wannan ba ƙaramin laifi ba ne. A mayar da hoto da sauti tare zuwa 24. Idan kwafin DVD ɗin Amurka ne mai 29.97, za a ga zane-zane kamar haƙoran mataji duk lokacin da aka yi motsi. A kunna zaɓin Detelecine a HandBrake, manhajar sauya bidiyo, ya koma 23.976.

Sai jan hoto don ya cika allo, fuskoki su baje. Bayan 1953 yawancin waɗannan fina-finai an tsara su ne don allon da faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 1.85, ana rufe sama da ƙasa a silima. Shi ya sa a wasu kwafin da ba a rufe ba ake hango makirufo yana leƙowa daga sama. Hoto mai faɗi 1440 da tsayi 1080, a yanke sama da ƙasa daidai wa daida ya koma 1440 da 778. Amma a fara duba rubutun farkon fim: in yankan ya taɓa sunaye, a bar shi yadda yake.

Sautin layi ɗaya ne, magana da kiɗa a cakuɗe, ba a raba su. A rage shi ƙarƙashin muryar mai fassara, idan waƙa ta zo a sake shi gaba ɗaya, a sa ma'anar a rubuce a ƙasa. Surutu a kan waƙar ya kashe fim. Tace shuuu ɗin tsohon sauti a manhajar gyaran sauti ta Audacity kuma kar ya wuce desibel 6, in ba haka ba murya ta koma kamar daga cikin rijiya.

Wasu na yanke ƙarshen don ya yi daɗi. Dokar tace fina-finai ta Hays, wadda aka tsaurara a 1934, ta hana mai laifi ya ci bulus, don haka kamun 'yan sanda ko rushewar tauraron shi ne inda aka nufa tun farko.

Batun haƙƙin mallaka ma ana yi masa gaggawa. Fim ɗin Amurka da ya fito kafin 1964, idan ba a sabunta rajistarsa a shekara ta 28 ba, ya zama na kowa. Waƙoƙin ciki kuwa sau da yawa rajistarsu daban ce, kuma su ne Content ID, na'urar YouTube mai gano kayan da ke da haƙƙin mallaka, ke kamawa. A fara ɗora fim ɗin a ɓoye, a ga abin da na'urar za ta ce.