Sarrafa ƙarin GNOME daga tamina: inda aka fi yin tuntuɓe

Ƙananan manhajojin da ake kira ƙari, waɗanda ake maƙala wa GNOME Shell, wato manhajar da ke zana allon aiki a kwamfutocin Linux da yawa, irin mai jera gumaka a gefen allo ko mai hana kwamfuta barci, a cikin cikin GNOME Shell ɗin kansa suke aiki, da sunan mai amfani da kwamfutar. Umarnin `gnome-extensions`, wanda ya zo da GNOME 3.34 a 2019, galibi ɗan aike ne: ka ba shi saƙo a tamina, wato tagar buga umarni, ya kai wa GNOME Shell ta hanyar D-Bus, hanyar da manhajoji ke aika wa juna saƙo, ya dawo maka da amsa. Wanda ya riƙe wannan, rabin matsalolin da ke ƙasa ba za su same shi ba.

Na farko da na fi gani shi ne `sudo`, mai gudanar da umarni da ikon root, wato babban mai iko a kwamfutar. Hannu ya saba, da abu ya ƙi sai a ɗora masa `sudo` a gaba a sake gwadawa. A nan ba ya taimako. Jerin ƙarin da aka kunna yana ajiye ne a saitunanka kai kaɗai, ba na root ba, don haka `sudo gnome-extensions enable` ya aiki ɗan aiken zuwa gidan da ba naka ba. Mafi muni shi ne kwance fayil ɗin zip da `sudo` cikin `~/.local/share/gnome-shell/extensions/`, domin foldar ta zama mallakin root, gobe ka zo sabuntawa ko gogewa a ce ba ka da izini a cikin gidanka. Idan hakan ta riga ta faru, `sudo chown -R $USER: ~/.local/share/gnome-shell` zai mayar maka da kayanka.

Sai suna. Sunan da ake gani a allo ba shi umarnin yake ganewa ba. Kowane ƙari yana da lambar shaida, wato `uuid`, kamar `ubuntu-dock@ubuntu.com` ko `user-theme@gnome-shell-extensions.gcampax.github.com`. Kamar adireshin imel suke, amma ba imel ba ne. Buga `gnome-extensions list` ka kwafo daga can, kada ka rubuta da ka.

Wannan lambar ce ke kayar da masu ɗauko ƙari kai tsaye daga GitHub. Ka sauke zip, ka kwance, ka ga folda mai ƙarewa da `-main` ko `-master`, ka tura ta inda ya dace, shiru. Dalili kuwa dole sunan foldar ya yi daidai da `uuid` da ke cikin fayil ɗin `metadata.json`, harafi da harafi. Ko `gnome-extensions install` ɗin ma yana neman `metadata.json` a saman zip ɗin ne, shi kuwa zip na GitHub yakan nannaɗe komai cikin wata folda tukuna. Wasu ma sai an gina su da `make` kafin su zama abin girkawa. Ni dai shawarata, in dai ƙarin yana extensions.gnome.org, ɗauko na can. An duba shi kafin a ɗora, kuma za ka zaɓi wanda ya dace da sigar GNOME ɗinka.

To ka girka lafiya, ka ce `enable`, sai ya ce maka babu wannan ƙari. Ba ƙarya ya yi ba. GNOME Shell yana leƙa foldar ne lokacin da yake tashi, shi kuwa tun safe ya tashi, bai san an kawo baƙo ba. A zamanin X11, tsohon tsarin nuna tagogi a allo, sai a danna Alt da F2, a buga `r`, shi ke nan. A Wayland, sabon tsarin, wanda Fedora da Ubuntu 22.04 zuwa sama ke hawa kansa tun farko, wannan dabarar ba ta aiki, domin GNOME Shell ɗin shi ne ke riƙe da allon gaba ɗaya. Sai ka fita ka sake shiga. Kuma don Allah kada ka bi masu cewa `killall gnome-shell`. A Wayland, da shi da duk tagogin da ka buɗe za su tafi tare, har da rubutun da ba ka adana ba. `echo $XDG_SESSION_TYPE` zai faɗa maka a kan wanne kake.

Inda na fi so a tsaya shi ne batun siga. Wani ƙanena ya ɗaga laftof ɗinsa daga Ubuntu 22.04 zuwa 24.04, washegari ya kawo mini ita fuska a murtuke.

"Yaya, komai ya ɓace. Agogona, ma'aunin zafin nan, duk babu."

Na buga `gnome-extensions info` a kan ɗaya daga ciki, layin ƙarshe ya nuna `OUT OF DATE`. Na ce masa ba abin da ya ɓace, an dai hana su tashi ne. Ubuntu 22.04 GNOME 42 ke cikinta, 24.04 kuwa 46. A cikin `metadata.json` akwai layin `shell-version` mai jera sigogin da ƙarin ya ce zai iya, idan taka ba ta ciki sai a ajiye shi gefe.

"Ai na ga an ce a ƙara 46 a layin kawai," in ji shi. Ya riga ma ya yi wa guda biyu haka, dukansu suka koma `ERROR`.

Wannan dabarar, da 'yar uwarta `gsettings set org.gnome.shell disable-extension-version-validation true`, takan ci wani lokaci idan tazarar siga ɗaya ce kuma ba a taɓa abin da ƙarin ya dogara da shi ba. Amma GNOME 45, da ya fito a Satumban 2023, ya sauya yadda ake shigo da sassan JavaScript gaba ɗaya. Ƙarin da aka rubuta kafin 45 ba zai tashi a 45 ko bayansa ba, ko wace lamba ka rubuta masa. Sauya wa buhun gero lakabi ba ya mayar da shi shinkafa. Muka duba `gnome-shell --version`, muka sauke sababbin zip, muka girka da `gnome-extensions install --force`. Guda ɗaya mai shi ya daina kula da shi, wannan sai haƙuri.

Duk lokacin da ka ga `ERROR`, kada ka yi ta kashewa da kunnawa kamar mai taɓa makunnin fitila. Fita ka dawo, sannan ka buɗe tamina ka buga `journalctl -b -o cat /usr/bin/gnome-shell`. Yawanci za ka ga sunan fayil da lambar layin da ya karye.

Akwai kuma masu tsallake ɗan aiken su rubuta kai tsaye cikin `enabled-extensions` da `gsettings set`. Wannan ba ƙarawa yake yi ba, maye gurbin jerin yake yi dungurungum. Ka sa suna ɗaya, sauran duk sun mutu. Kafin irin wannan taɓe-taɓen, `gsettings get org.gnome.shell enabled-extensions` ka ajiye amsar, sannan `dconf dump /org/gnome/shell/extensions/ > ajiya.txt` don saitunan kowannensu. In kuwa `gsettings` ya ce bai san tsarin saitin wani ƙari ba, to nasa yana cikin foldarsa ne, sai ka nuna masa da `--schemadir`. Wanda aka kwafa da hannu kan buƙaci `glib-compile-schemas schemas/` a cikin foldar kafin tagar saitinsa ta buɗe.

`uninstall` kuma ba ya taɓa abin da ke `/usr/share/gnome-shell/extensions/`. Waɗannan `apt` ko `dnf`, masu girka manhajoji a Ubuntu da Fedora, ne suka kawo su, su ne kuma masu fitar da su. Kashe su da `disable` ya fi sauƙi.

Ranar da wani ƙari ya daskarar da allon har ba ka iya shiga, ba sai ka sake girka Linux ba. Danna Ctrl da Alt da F3, shiga da sunanka na kullum, ka buga `gsettings set org.gnome.shell disable-user-extensions true`, sannan ka sake kunna kwamfutar. Bayan ka shiga, kashe wanda kake zargi, wato galibi na ƙarshen da ka girka, ka mayar da waccan kalmar `false`, ka riƙa kunna sauran ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya nuna kansa.